Wai GET ɗin nan me take nufi ne a Turanci, kuma daga ina ta fito?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗan yayata da ke shirin rubuta WAEC ya shigo mini da littafinsa fuska a murtuke, ko zama bai yi ba ya ce Kawu don Allah wai mece ce ma'anar "get" ɗin nan ne, mu dai tun muna firamare aka ce mana samu take nufi, amma ga shi nan an rubuta "he got angry", wato ya samu fushi kenan? Na ce to karanta na ƙasa. Ya karanta "she got home late". Ya ɗago kai ya ce ta samu gida a makare? Na kwashe da dariya, shi kuwa bai ga abun dariya ba, ya ce wallahi Kawu Turawan nan ba su da tsari, kalma ɗaya ta zama kaman rigar aro kowa ya zo ya zura. Sai na ce masa to kai Bahaushe mai tsari, fassara mini "ci". Ya ce ai cin abinci ne. Na ce to wanda ya ci jarrabawa fa, da miya ya haɗa? Wanda ya ci bashi, da wanda ya ci amana, da wanda ya ci zaɓe, da kasuwar da take ci ran Laraba, da wanda alƙali ya ci tara, da wanda aka ci wa mutunci a bainar jama'a, da wutar da ta ci rumfa? Ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Toh haka abun yake, kowane harshe yana da irin waɗannan kalmomin da baki ya lashe su har suka yi sulɓi, gajeru ne amma su ke ɗauke da rabin maganar da ake yi a yini. Mu muna da ci da sha da yi da kama, su kuma suna da get da set da run da take da put. Babban ƙamus ɗin Oxford ya taɓa lissafa wa "set" ma'ana 430, da aka sake bitar "run" a 2011 kuma aka samo mata 645 a matsayinta na aikatau kaɗai. Get ma tana cikin wannan sahun na gaba. Duk wanda ya ce zai zauna ya haddace ma'anoninta ɗaya bayan ɗaya kamar jadawalin sau zai sha wahalar banza, don ni a ganina ma'anar guda ɗaya ce tal take canza riga: ɗazu babu, yanzu akwai. Ɗazu abu ba ya hannunka yanzu ya shigo, ɗazu ba ka wajen yanzu ka iso, ɗazu ba haka kake ba yanzu ka koma haka. Mu a Hausa mun raba wannan aikin tsakanin samu da isa da zama da sa, Bature kuma ya tattara ya ɗora wa jaki ɗaya.

Abun da zai ba ka mamaki shi ne get ɗin da ake ganin ta fi kowace kalma zama 'yar gida a Turanci, baƙuwa ce. A tsohon Turanci na sama da shekara dubu da suka wuce akwai 'yar'uwarta "gietan", amma kusan ba ta tsayawa da ƙafarta sai an liƙa mata wani abu a gaba, kaman "forgietan" wato mantawa, da "begietan", da "ongietan" wato ganewa. Kuma ba da g suke furta ta ba, da y ne, don a tsohon Turanci in g ta zo gaban e ko i laushi take yi ta koma y, shi ya sa abun da Bajamushe yake ce wa "gelb" da "gestern" Bature yake cewa "yellow" da "yesterday". Da an bar Turanci shi kaɗai da yau "yet" muke cewa maimakon get, kuma a rubuce-rubucen ƙarni na 14 a kudancin Ingila za ka ga ana rubuta "foryete" inda yanzu ake rubuta forget.

To waye ya kawo g ɗin mai tauri? 'Yan Viking ne, mayaƙan ruwan nan na Denmak da Norwe. A 793 suka far wa gidan ibadar Kiristoci da ke tsibirin Lindisfarne a gaɓar Ingila, suka yi ta zuwa suna kwasar ganima suna komawa, har a 865 suka zo da runduna babba da niyyar zama, a 866 suka ƙwace birnin York. Sarki Alfred ya taka musu burki a yaƙin Edington a 878, bayan nan aka shata iyaka, arewa da gabashin Ingila suka zama ƙarƙashin dokar mutanen Denmak. Yaƙi ya lafa aka koma zaman maƙwabtaka, ana kasuwa tare ana auratayya, kuma da yake harsunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne kusan kowa yana jin rabin abun da ɗan'uwansa ke faɗa, sai kalmomi suka yi ta cakuɗewa. A harshen baƙin akwai "geta", ma'anarta samu, ko kaiwa ga abu, ko haifa, ko iyawa, har da cinka. Ita ce ta kutsa cikin Turanci, wajen shekara ta 1200 aka fara ganinta a rubuce tana tsaye ita kaɗai, daga baya ma ta koma ta taurara wa forget nata g ɗin. Ba ita kaɗai ta shigo ba, take da egg da sky da skin da knife da window da law duk a jirgi ɗaya suka zo, har da they da them da their, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, aron sunan kaya kowa na yi, mu ma mun ari mota da tebur da bokiti, amma a ce harshe ya ari wakilin suna kaman "su", ai sai an kai ga uwa tana wannan yare uba yana wancan a cikin gida ɗaya.

Akwai wani labari da nake so game da wannan cakuɗewar. William Caxton, mutumin da ya fara kafa injin buga littafi a Ingila a 1476, ya ba da labari a 1490 cewa wasu fatake sun tsaya a gaɓar Kent, ɗayansu ya shiga wani gida ya ce wa matar gidan a ba shi "egges", matar ta ce ita fa ba ta jin Faransanci, mutumin ya fusata don shi ma ba ya ji, sai da wani ya ce "eyren" yake nufi sannan ta gane ƙwai ake nema. Egg ta 'yan Viking ce, eyren ta gida ce, kuma ka ga wadda ta yi nasara. Har yanzu a ƙasar Iceland, inda harshensu bai yi nisa da na kakannin ba, in mutum ya ce "ég get" yana nufin zan iya.

Wannan tarihin ne ma amsar wata tambaya da yara ke yawan yi, wai me ya sa ake karanta general da gentle da j amma get da give da gift da g. Na farkon ta hanyar Faransanci suka shigo da furucinsu, na biyun kuma bakin 'yan Viking ne ya riƙe musu taurinsu.

In ka ƙara tonawa can ƙasa, masana tarihin harsuna sun ce saiwar kalmar tana nufin damƙa ko cafka, kuma daga saiwar ce Latin ya samo "prehendere", wadda ta haifi comprehend da apprehend da prison. Ka duba dai, ɗan sanda ya cafke ɓarawo apprehend, ɗalibi ya cafke darasi comprehend, inda ake ajiye wanda aka cafke prison. Shi ya sa in Bature ya gama bayani ya ce maka "got it?" tambayarka yake ka kama zancen, kuma mu ma ai muna cewa yaron nan yana ɗaukar karatu. Forget kuma ita ce kishiyar, abu yana hannun zuciyarka ya suɓuce.

Yanzu ga dabarar da na nuna wa ɗan yayata, na ce kar ka kalli get, kalli abun da ke bin bayanta. In suna ne ya biyo, to samu ce ko danginta, "I got a message" saƙo ya shigo mini, "I got a new phone" na yi sabuwar waya, ko saye na yi ko kyauta aka ba ni kalmar ba ruwanta, "get me water" ɗebo mini ruwa, "he got malaria" zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. In wuri ne ya biyo, isa ce, "we got to Kaduna at night" mun isa Kaduna da dare. In kuma siffa ce ta biyo, to nan ne inda Bahaushe ke tuntuɓe, don mu ba ma buƙatar wata kalma ta daban a nan, aikatau ɗinmu da kansa yake ɗauke da sauyin: ya gaji, ya tsufa, ya jiƙe, ya fusata, gari ya yi duhu. Turanci kuma tired da old da wet da angry da dark duk siffofi ne a zaune ba sa motsi, sai an kawo get ta tura su. "He is angry" yana cikin fushi muka same shi, "he got angry" a gabanmu ya hau. Amma fa kar mu cika baki, ai in mara lafiya ya farfaɗo cewa muke ya samu sauƙi, wanda shi ne "he got better" kusan kalma da kalma, kuma in muka ga mutum a rikice sai mu ce me ya same ka.

Inda na fi jin daɗin abun shi ne "have got". Ɗalibi zai ga "I have got two sisters" ya ce to yaushe ya samo su, a kasuwa? A tsari wannan jimla tana nufin na riga na samu, amma tun wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta zame ta koma ina da, saboda abun da ka riga ka samu ai kana da shi. Samuel Johnson ma ya lura da hakan a ƙamus ɗinsa na Turanci, inda ya nuna cewa in aka ce mace "has got" baƙaƙen idanu ba wai nemo su ta yi ba, kawai tana da su ne. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wuya ba ko kaɗan, don kullum haka muke magana. In ka ce na gaji, na ƙoshi, na gane, na sani, siffar maganar ta abun da ya wuce ce amma halin da kake ciki yanzu kake faɗa, ba wanda zai ji ka ce na ƙoshi ya tambaye ka yaushe. Daga nan kuma aka samu "I have got to go", wato tafiya ta zame mini dole, wanda a baki ya narke ya zama "gotta" da ake ji a fina-finan Amurka.

Turancin buroka na Najeriya ya ɗauki wannan hanyar ya kai ta ƙarshe, ya yar da have ɗin gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a Legas ko ya yi ciniki a Sabon Gari ya san "I get money", "I no get change", "who get this motor", har da "e get one man" wato akwai wani mutum. A buroka wannan daidai ne ɗari bisa ɗari, harshe ne mai dokarsa, amma in ka rubuta "I get two brothers" a takardar jarrabawa jan biro zai hau kanta, don a daidaitaccen Turanci "I get" tana nuna abun da ke faruwa a kai a kai ne, kaman "I get paid every month". Yawancin kuskuren da nake gani a rubutun yaranmu daga nan yake, ba daga Hausa ba.

Sai rigimar got da gotten, wadda wasu ke ɗauka wai Amurkawa ne suka lalata Turancin Sarauniya. Akasin haka ne ma. Gotten ita ce tsohuwar, da ita Turawan da suka tsallaka teku zuwa Amurka suka kafa Jamestown a 1607 da Plymouth a 1620 suka tafi, 'yan Ingila ne daga baya suka gutsure mata wutsiya suka bar got, sai burbushinta da ya rage musu a forgotten da begotten da "ill-gotten", wato dukiyar haram. Kuma Ba'amurke ya ci riba da ya riƙe duka biyun, don in ya ce "I've got a car" yana nufin ina da mota, in ya ce "I've gotten a car" yana nufin na samo mota, bambancin da ɗan Landan ba shi da hanyar yinsa da wannan kalmar. Mu da makarantunmu ke bin tsarin Ingila got aka koya mana, amma yaran yanzu da suka tashi da YouTube da TikTok gotten ce a bakinsu, kuma ni ban ga laifinsu ba muddin mutum zai tsaya a layi ɗaya.

Akwai kuma inda take shiga wajen was, "he got arrested", "she got promoted", "they got married". Kusan ma'ana ɗaya ce da "he was arrested", amma da ɗan yaji a kai, tana nuna abu ya auku ne kwatsam ya taɓa mutum, sau da yawa ma da ƙanshin cewa da hannunsa a ciki, irin yadda za mu ce ya ja wa kansa. Haka in aka sa mutum a tsakiya sai ta zama sa wani aiki, "I got him to sign" na lallaɓa shi ya sa hannu, wanda ya bambanta da "I made him sign" da ke nufin tilasta masa na yi. Ga wani wajen da ke ruɗa mutane: "I got my phone repaired" na kai wayata wajen mai gyara an gyara, "I got my phone stolen" an sace mini waya. Ginin jimlolin iri ɗaya ne sak, ta farko da son raina, ta biyu ƙaddara ce ta faɗa mini, kuma ba wata doka da za ta raba maka su sai hankali, don ba mai biyan kuɗi a yi masa sane.

Inda zan yarda da ɗan yayata cewa akwai zalunci shi ne in aka fara liƙa mata 'yan ƙananan kalmomin nan, up da on da over da by da away. Wasu suna da sauƙi don motsin jiki ne, get up tashi, get out fita, get down sauka. Get on da get in ma Hausa ta taimake mu, hawa da shiga ne, kana "get on" babur ɗin ɗan acaɓa ko doki ko bas ko jirgi, amma "get in" ƙaramar mota ko tasi. "Get lost" kuwa kaman daga bakin Bahaushe aka ɗauko ta, tana nufin ɓata a hanya, in an faɗa da tsawa kuma ɓace mini da gani. Amma wasu sai ka ɗan yi tunani kafin ka ga zaren. "Get over" asali tsallake katanga ne, sai ya zama warkewa daga ciwo ko daga baƙin cikin wanda ya yaudare ka. "Get by" wucewa ta gefe ne da ƙyar, wato maneji, abun da mai albashi ke yi daga ran ashirin ga wata. "Get away with it" ya yi laifi ya sha, ya ci bulus. "Get along" jituwa, "get back at" ramuwa. Waɗannan kam ba makawa sai kunne ya saba, kaman yadda ba wanda zai iya cinkar ma'anar cin fuska ko shan kunu daga jin ci da sha kawai.

Da muna sakandare akwai wani malaminmu na Turanci, Allah ya saka masa da alheri don ya koya mana abubuwa da yawa, amma in ya ga got a insha'inka zagaye ta yake da jan biro ya rubuta a gefe wai kalmar ragwaye ce, sai ka sa obtain ko receive ko acquire. Na daɗe ina ɗauka ra'ayinsa ne shi kaɗai, ashe gado ya yi, malaman makaranta a Ingila sun daɗe suna wannan yaƙin. Tushen abun kuwa tun 1066 ne lokacin da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, dogayen kalmomin da suka zo ta nan da ta Latin suka zama na manya, gajerun suka zama na manoma da 'yan kasuwa. Mu ma muna da irin wannan, fahimta da muka aro daga Larabci ta fi gane kwarjini a kan mumbari, alhali a gida ba mai ce wa ɗansa ka fahimta, ka gane ake cewa. A takardar neman aiki ko rahoton ofis, eh, receive da obtain sun fi dacewa kuma sun fi fayyace abun da ake nufi. Amma mutumin da zai ce wa abokinsa "I obtained your message" a WhatsApp, wannan ya sa babbar riga ne zai je ɗiban ruwa. Turancin da yawa daga cikin masu digirinmu yana fitowa a sandare ne saboda an tsorata su da ƙananan kalmomin da masu harshen ke rayuwa da su.

Ma'anar haihuwar nan da geta ke da ita ma ba ta mutu ba, ita ce a beget, kuma a fassarar Baibul ta 1611 ta zamanin Sarki James in ana jero salsala "begat" ake ta maimaitawa, wane ya haifi wane. A Sikotilan da arewacin Ingila get ta zama suna, abun da aka haifa, daga nan ta gangara ta zama zagi irin ɗan banza, furucin ya karkace ya zama "git". Linus Torvalds da ya ƙirƙiro manhajar kwamfuta ta Linux, da ya rubuta wata manhajar adana aikin masu rubuta manhaja a 2005 sai ya raɗa mata Git, yana zolayar kansa wai sunansa ya sa mata. Kuma a farkon tsarin da burauza ke magana da shi da uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye shafukan intanet, wanda Tim Berners-Lee ya fitar a 1991, umarni ɗaya ne tak a ciki, GET, wato ɗauko mini shafin nan, har yau duk shafin da ka buɗe a wayarka wannan kalmar ce take fita ta ɗauko maka shi.

Da na gama zuba sai na ce wa yaron to rubuta mini yadda ka yini jiya, kar ka yi amfani da wani aikatau sai ita. Ya ɗan yi jim sannan ya rubuta "I got up late, got dressed, got to school, got punished, got angry, got home and got nothing to eat". Na ce na ƙarshen nan ƙarya kake wa yayata, ya ce Kawu wallahi sai bayan la'asar aka sauke.